Masunci Marar Fuska a Bangon Kawu

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Kawuna, yayan mahaifiyata, mai hoton bakin kasuwar Kazaure, ya riga mu tafiya a farkon kakar nan, bayan wata jinya da bai taɓa yarda ya kira ta jinya ba. "Gajiya ce," yake cewa, har gajiyar ta kai shi makwanci.

Na zauna zaman makoki da yawa, amma ban taɓa ganin inda masu gaisuwa suke laluben aljihu kamar wannan ba. Mutum zai shigo, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, sai ka ga ya zaro ɗan hoto daga cikin hula ko lalita. Wani dattijo daga Gwiwa ya nuna mana na fasfonsa na aikin hajji, ya ce, "Shi ya ɗauke ni. Ya ce in daina zare ido, ba gaban alƙali nake ba." Maƙwabcin Kawu kuwa, wani tsohon Bafulatani da suka ƙarar da rayuwa suna tsokanar juna saboda mu asalinmu Barebari ne, cewa ya yi, "Babarbaren nan ya tafi da haƙƙina. Kowa ya ɗauka sai ya fito da kyau, ni kaɗai yake fitarwa kamar na tauna tsamiya." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shi kuma ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska.

Da la'asar sai ga masunta daga bakin dam. Ƙaurin kifinsu ya riga sallamarsu shigowa. Suka ajiye kwandon banda na sadaka, suka yi gaisuwa, suka zauna can baya. Shagon Kawu a jikin zauren yake, ƙofa ɗaya ce ta raba su, kuma a buɗe take. Na lura ba mu suke kallo ba. Bangon shagon suke kallo, inda ƙusoshi suka yi layi ba komai a jikinsu, sai hoto ɗaya tak da ya rage a rataye. Wanda bai san labarin hoton nan ba bai san Kawu ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawu yana da karin magana guda wadda shi ya ƙirƙiro abarsa: "Fuska amana ce." Ba ya bari a kifa hoton mutum, ba ya bari a ajiye shi a ƙasa. Ba ya liƙa hoton kowa a ƙofa don talla sai ya tambayi mai shi. Idan ka ɗauki hoto ka manta ba ka karɓa ba, to ka saurari ƙarar kekensa, ko a Achilafiya kake. Kuma ba ya ɗaukar mai jin yunwa. Zai leƙa ta cikin baƙin ƙyallen da yake lulluɓa da shi, ya fito ya ce, "Malam, yau ka karya kuwa? Shiga ciki a ba ka fura. Yunwa tana fitowa a hoto, kuma ni za a zaga." Mutane da yawa sun sha furar gidan nan da sunan gyaran fuska, ba su san sadaka aka yi musu ba.

Jim kaɗan bayan samun mulkin kai, kakarmu ta ce tana so ta ga danginta na gabas kafin ta mutu. Kawu ya raka ta. Suka bi jirgin ƙasa zuwa Nguru, daga nan sai lori, sai jaki, har bakin tafkin Chadi. Tsohuwa ta zauna ana ta koke-koken yaushe gamo da Barbarci, shi kuwa zama ya gundure shi. Sai ya ga jirgin masu banda zai koma wani tsibiri, ya ɗauki kyamararsa ya bi su.

Ya sha ba mu labarin tsibirin nan har muka haddace. Mutumin da ya tashi a tsakanin duwatsun Kazaure da gonakin gero, wanda babban ruwan da ya sani shi ne kududdufin damina, sai ga shi a inda ruwa ya haɗe da sama ba ɗinki. Bukkokin kara a kan farin rairayi. Jirage waɗanda da ciyawar ruwa aka ɗaure su, goshinsu a lanƙwashe. Shanu masu kumburarrun ƙahoni suna iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan kamar masu zuwa cin kasuwa. Kifi a shanye ko'ina, hayaƙin banda yana tashi tun asuba. Ya ɗauki mata suna daka, ya ɗauki tsofaffi suna ɗinkin raga, ya ɗauki mai unguwa da iyalinsa a jere, har fim ya ƙare.

Ranar da zai taho, mai unguwar tsibirin ya riƙe masa hannu ya ce, "Ka zuba fuskokinmu a akwati. Ina za ka kai su?"

Kawu ya ce, "Zan je in wanke su, in dawo wa kowa da tasa."

Ya kuwa wanke su da ya dawo. Amma kakarmu ta kwanta ciwo, ta rasu. Aka yi yaƙin basasa, hanya ta yi wuya. Iyali suka ƙaru. Bana, baɗi, bana, baɗi, sai da shekarun fari suka zo sannan ya ɗaure hotunan a gwangwanin biskit ya koma. A wannan karon bai hau jirgi ba. Lori ce ta kai shi har inda tsibirin yake, tana tuƙa ƙura a inda da shanu suke iyo. Ya tarar da tudun rairayi, da toka a gurbin murhun banda, da wasu baƙin manoma suna shuka wake a ƙasan tafki. Ya tambayi mutanen garin, aka ce sun bi ruwa. Ina ruwan? Aka nuna masa gabas da haɓa.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a Roni, kuma taswirar da take bangon ajina har yau tana nuna tafkin nan da shuɗi mai yalwa, domin takarda ba ta san fari ba. Da na faɗa wa Kawu haka, sai ya ce, "To ka tambayar min ita inda mutanena suka shiga."

Da ya dawo gida sai ya buga ƙusoshi, ya rataye hotunan duka a bangon da yake kallon ƙofa. Daga nan ya shiga farautar fataken kifi. Duk wanda ya sauke kwalin banda a kasuwar Kazaure, ko Babura, ko Roni, ko Gwiwa, sai ya ga wani dogon mutum mai tsage a kumatu ya jingine keke yana gaishe shi da Barbarci. Daga gaisuwa sai, "Daga wane gefen ruwa kayan nan suka fito?" Daga nan sai gwangwanin biskit, ko kuma a ja mutum har shago. To kunya ba ta barin ka tsayar da ɗan kasuwa ka tafi hannu rabbana, don haka kullum sai ya sayi kifi. Inna, matarsa, ta taɓa ce masa, "Malam, mun ci banda a miyar kuka, mun ci a taushe, mun ci a ɗanwake. Saura a kunu. In ba ka gano mutanen nan da wuri ba, ƙaya za ta tsiro mana."

Amma yana gano su. Ɗaya yau, ɗaya bayan wata shida. Na ga guda da idona. Wani farke ya tsaya gaban hoton wata mata mai daka da goyo a baya, ya dafe ƙirji ya ce gwaggonsa ce, ta rasu a hanyar ƙaura. Kawu ya tambaya, "Goyon fa?" Ya ce tana nan, har ta yi aure. Kawu ya sauke hoton, ya naɗe shi a sabon ƙyalle, ya ce, "To nata ne. Ka ce mata ga uwarta, ga kuma ita kanta tana barci." Bayan damina farken ya dawo da ɗan ƙullin kanwa, ya ce in ji ta, wai ba ta taɓa sanin kamannin uwarta ba sai ran nan. Kanwar nan tana nan a saman kantar shagon, ya hana a jiƙa.

Hoton da ya rage shi ne wanda na fi so, shi ne kuma wanda Kawu ya fi ƙi. Da sassafe ya ɗauke shi, rana tana fitowa daga cikin ruwa. Wani mutum yana tsaye a goshin jirgi, ya ba da baya, ya wurga birgi, wato ragar nan ta jifa, ta buɗe a sama kamar faifai. Saboda rana tana gabansa, mutumin ya fito baƙi ƙirin, ba ido ba hanci, sai ƙeya da kafaɗa da hannuwa a miƙe.

Na ce, "Kawu, wannan ai fasaha ce. Irin wannan ake bugawa a manyan littattafai."

Ya ce, "Kuskure ne. Rana ce ta shigar min kyamara. Hoton da uwar mutum ba za ta gane shi ba, sunansa ɓarnar fim."

Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, kowa ya zama mai son ƙawa, sai ga wani mai ɗab'i daga Kano, mota tana sheƙi, agogo yana sheƙi. Ya zo a yi masa hoton fasfo, idonsa ya faɗa kan masuncin. Ya ce zai buga shi a kalanda, a rataye a ofisoshi da bankuna, mutanen birni su ga kyan ƙasarsu.

Kawu ya ce, "Madalla. Wane suna za ka rubuta a ƙasa?"

"Sai mu rubuta Masunci, Baba."

"Wannan ai ba sunan kowa ba ne. Ka tambaye shi?"

"Wa?"

"Shi mai ƙeyar."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka ciniki ne ake ja. Ya ƙara tayi. Kawu ya miƙa masa fasfonsa ya ce a gaida Kano.

A nan ne aka yi rigimar da ban taɓa ganin irinta a gidan ba. Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda a hannun uban ya koyi sana'ar, ya daɗe yana mafarkin kyamara mai kala irin ta masu hoton birni. Ya ce, "Baba, mutumin da ba shi da fuska, wa zai zo ya ce an ci amanarsa?" Kawu ya ce, "Ni da na yi alkawarin ina da fuska." Damina guda suka yi ba abin da yake haɗa su sai ina kwana. Da na je sasanci, taubashin nawa ya juyo kaina: "Kai rufe mana baki, malamin alli. Kai mai albashi ka ce fasaha, shi ya ce amana, ni da zan gaji shagon ba wanda ya tambaye ni." Na ce masa in ya gaji shagon ya gaji ƙusoshin. Bai yi dariya ba sai bayan girbi.

Sannan gwamnati ta datse ruwa a Kazaure. Dam ya cika, kifi ya samu, sai ga masunta suna ta zuwa daga gabas da ragoginsu da iyalansu, cikinsu har da waɗanda fari ya kora daga tsibiran tafki. Ban taɓa ganin Kawu cikin murna irin ta lokacin ba. Ya ce, "Kun gani? Na je ban same shi ba, ruwan ya ji kunya ya biyo ni gida." Ya daina bin kasuwanni, ya koma bin bakin dam. A ɗan lokaci bangon ya kusa zama fayau. Har ɗan mai unguwar tsibirin ya samu, ya damƙa masa hoton ubansa.

Sai ya zama saura masuncin. Ya kai shi bakin ruwa ba da wani sa rai ba, ni ma na bi shi don ranar ba makaranta. Sarkin masuntan, wani dattijo mai furfura, ya karɓa ya nisanta shi da idonsa, ya ce, "Allahu akbar. Ƙanena ne. Ruwa ya ci shi shekarar da muka taso."

Wani magidanci da yake gyaran raga ya leƙo ya ce, "Haba Sarki, ka duba da kyau. Wannan tsayuwar babana ce. Duk tsibirin wa yake buɗe birgi haka?"

"Babanka da in ya yi jifa kifi suke taruwa su yi dariya?"

Ana cikin haka wata mai suyar kifi ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ku bar gardama. Maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Shekara nawa ina kallon ƙeyar nan tana fita da asuba."

Kawu ya zama alƙali. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya: da wane hannu mutumin yake jifa, ta ina rana take fitowa in kana bakin garin, wane irin jirgi yake hawa. Duk suka ba da amsa iri ɗaya, kuma duk daidai. Ba wanda ya yi kama da maƙaryaci, kuma ba wanda zai samu ko anini in an ba shi. Ya naɗe hotonsa muka taho. A hanya na ce, "Kawu, fim ɗin yana nan, ka wanke uku mana." Ya tsaya da keken ya ce, "Mutum ɗaya na ɗauka. In na ba ɗaya na zalunci biyu. In na ba duka na yi ƙarya sau biyu." Ya mayar da shi kan ƙusarsa. Bayan haka su ukun sukan zo su zauna a shagon su kalla, ya sa a kawo musu fura, su tafi. Da ciwo ya yi tsanani, taubashina ya tambaye shi abin da za a yi da hoton, sai ya ce, "Ku ba mai shi." Bai ƙara ba.

Ranar sadakar uku, saƙon ta'aziyya ya zo daga mai ɗab'in nan na Kano, da 'yar tunatarwa a wutsiyarsa cewa maganar kalanda tana nan. Taubashina ya same ni a soro. Ya ce, "Baba ya ce a ba mai shi. Mai shi ba a san shi ba, kuma ba za a taɓa sani ba. Ga marayu a gida. Kai da ka yi karatu, faɗa min, laifi ne?" Ni ma a raina bangon ajina nake auna wa hoton. Muka ce bari mu kai wa Inna.

Muka same ta a ɗakinta cikin takaba, a kan tabarma, carbi a hannu. Ta sa aka ɗauko hoton. Ta ɗora shi a cinya, ta share gilashin da gefen mayafi kamar yadda ta saba yi kowace safiya.

Ta ce wa ɗanta, "Su masu cewa nasu ne, su nawa ne?"

"Uku, Inna."

"Wanke musu."

"Inna, Baba ya ce in an ba duka an yi ƙarya."

"Mahaifinka tsoron ƙarya ya yi masa yawa, Allah ya ba shi ladan tsoron. Wa ya ce ka rantse? Kai ba ka ce shi ne ba. Su suka ce, kuma kowa nasa yake gani." Ta bi kafaɗar masuncin da yatsa. "Da ina jin maganar mai suyar kifin nan kamar shirme. Mace ƙeyar miji ta fi sani, ita take gani kullum yana fita. Shekara da shekaru ina share hoton nan ban ga kowa a ciki ba. Jiya da na leƙa shago, wallahi sai na ga Malam ne ya ba ni baya zai tafi kasuwa."

Taubashina ya sunkuyar da kai. Kawu bai taɓa jefa raga ba a rayuwarsa, ko iyo bai iya ba, amma ba wanda ya gyara mata zance a cikinmu.

Ta ce, "Sababbin nasu ne. Wannan tsohon da ya yi ja, a bar min."

Washegari taubashina ya shiga ɗakin duhun da uban yake wanke hotuna, ya rufe ƙofa. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce ruwan wankin hoto ne. Na ce haka ne, maganin yana da yaji. Muka je bakin dam tare. Sarkin masunta ya karɓi nasa da hannu biyu. Magidancin ya ce, "Ka gani ko, Sarki? Da aka wanke sabo ma kamannin babana sun fi fitowa." Mai suyar kifi ta sa nata a cikin mayafi, ta cika mana takarda da soyayyen karfasa, ta ƙi karɓar ko sisi. Kafin mu hau keke sai ga wani tsoho ya taso daga gindin bishiya yana dogara sanda, ya ce a nuna masa. Ya duba, ya dube mu, ya ce, "Yara, wa ya ba ku hotona?"

Taubashina ya kalle ni, na kalle shi. Ya ce, "Baba, ka zo shago jibi."

Fim ɗin yana nan a gwangwanin biskit. Duk wanda ya zo daga gabas ya ce nasa ne, ana wanke masa, ba a karɓar komai. Kyamara mai kala ba ta samu ba tukuna, amma shagon yana ci, kuma na ji taubashin nawa da kunnena yana ce wa wani ya shiga ciki a ba shi fura. Da mai ɗab'i ya sake aikowa, amsar da ya ba ɗan aiken gajeriya ce: "Ka ce masa mai shi ya riga ya zo. Sun ma yi yawa."

Ni ban samu na bangon aji ba. Na nema, aka ce in faɗi wanda na gani a ciki, na ce fasaha, aka ce in je in dawo.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, har da wanda rana ta sa shi. Ya ba Inna da mu haƙurin rashinsa. Shi da ba Ya buƙatar haske kafin Ya gane bawanSa, Ya karɓe shi da fuskar rahama, Ya sauke shi a bakin ruwan da ba ya janyewa. Amin.